MAKALAR MAKO: TARIHIN YADDA GWAMNATIN AMURKA TA KOMA BIYA WA ƘARAMIN MA'AIKACI ZUBIN INSHORAR WURIN AIKINSA

 Makalar wannan makon ta faɗo kaina, kuma na zaɓi in ɗauko wani ɗan yanki na tarihin kiwon lafiya wanda ba kasafai ake jin labarinsa ba.

A jihohi da dama na ƙasar Amurka akwai wani ofishi a ƙarƙashin hukumar lafiyar talakawa, wanda aikinsa shi ne ya riƙa tura wa magidanci mai ƙaramin albashi kuɗi duk wata, domin ya biya inshorar lafiyar da kamfanin da yake wa aiki ya tanada. Sunan shirin a taƙaice HIPP. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, ita wannan gwamnatin tana da nata shirin na kula da lafiyar talaka kusan kyauta, mai suna Medicaid. To mene ne ya sa za ta ɗauki kuɗin baitulmali ta miƙa wa kamfanin inshora mai zaman kansa, alhali ga nata a hannu? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Amsar tana cikin tarihi, kuma amsar lissafi ce kafin ta zama tausayi.

Kafin mu shiga, bari mu daidaita kalma ɗaya. Kuɗin da ake biyan kamfanin inshora wata-wata, ko an yi ciwo ko ba a yi ba, zan riƙa kiransa zubi, kamar dai zubin adashe. A wurin aiki zubin nan kashi biyu ne: kamfani ya zuba babban kaso, a yanke ragowar daga albashin ma'aikaci. Wannan ragowar da ake yankewa ita ce HIPP ke ɗauka.

YADDA LAFIYA TA ƊAURU DA WURIN AIKI

A shekarar 1929 asibitin jami'ar Baylor da ke birnin Dallas a jihar Teksas ya lura cewa malaman makaranta suna kwanciya jinya su kasa biya. Wani jami'in jami'ar mai suna Justin Ford Kimball, wanda a da shi ne shugaban makarantun birnin, ya kawo shawara: kowane malami ya riƙa biyan rabin dala a wata, shi kuma asibiti ya ba shi damar kwanciya har kwana 21 a shekara ba tare da ƙarin ko sisi ba. Daga wannan ɗan tsarin aka samu tushen abin da daga baya ya zama Blue Cross. A lura cewa tun ranar farko ta wurin aiki aka bi, domin ya fi sauƙi a tara kuɗi daga rukunin ma'aikata fiye da a bi mutane ɗaya bayan ɗaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da wannan ɗan reshe babbar bishiya. A 1942 majalisar dokokin Amurka ta ba gwamnati ikon ƙayyade albashi, don kada farashin kaya ya tashi a lokacin yaƙi. Matasa sun tafi fagen fama, masana'antu na neman ma'aikata ruwa a jallo, ga shi an hana su ƙara albashi. Sai hukumar da ke kula da ƙwadago a lokacin yaƙin ta yarda cewa inshorar lafiya ba ta cikin albashin da aka ƙayyade. Nan take kamfanoni suka fara zawarcin ma'aikata da ita. Attajirin nan mai ƙera jiragen ruwa, Henry Kaiser, har asibitoci ya gina wa ma'aikatansa, kuma shirin nasa na nan har yau da sunan Kaiser Permanente. A 1954 kuma dokar haraji ta tabbatar da cewa kuɗin da kamfani ya zuba wa ma'aikaci a inshorar lafiya ba a cire masa haraji. A 1940 waɗanda ke da inshorar asibiti ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. Zuwa farkon shekarun 1950 sun haura rabi.

An so a bi wata hanya daban. A watan Nuwamba na 1945 Shugaba Harry Truman ya nemi majalisa ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi masa ca, ta kashe kuɗi masu yawa tana yaɗa cewa wannan gurguzu ne ake son shigowa da shi ta ƙofar asibiti. Shirin ya mutu a majalisa. A daidai wannan lokacin, a 1948, Ingila ta buɗe nata tsarin na lafiya kyauta ga kowa. Amurka kuwa ta zauna a kan cewa mai aiki uban gidansa zai kula da shi.

MEDICAID DA MUTANEN DA SUKA FAƊA TSAKANI

Tsarin da ya rataya a wurin aiki dole ya bar mutane biyu a waje: tsohon da ya yi ritaya, da talakan da ba shi da aiki. Domin su ne Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare da Medicaid ranar 30 ga Yuli, 1965. Ya tafi har garin Independence na jihar Missouri ya sa hannun a gaban tsohon Shugaba Truman, kuma Truman ɗin aka miƙa wa katin Medicare na farko. Medicare na tsofaffi ne daga shekara 65, kuma gwamnatin tarayya ke riƙe da shi. Medicaid kuwa na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma haɗin gwiwa ne: jiha ke gudanarwa, tarayya ta biya aƙalla rabin kuɗin, jihar da ta fi talauci ta samu kaso mafi tsoka. Shiga ba dole ba ce, shi ya sa jihar Arizona ba ta shiga ba sai 1982.

A farkon zamaninsa Medicaid na waɗanda ke karɓar tallafin kuɗi na gwamnati ne: uwar da ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai, makafi, masu naƙasa, da tsofaffi matalauta. Mai wankin kwano a gidan abinci ko mai shara a otal, wanda ke fita aiki kullum amma albashinsa bai taka kara ya karya ba, shi ba ya ciki. Ya fi ƙarfin tallafi, inshora kuma ta fi ƙarfinsa. Gaba kura, baya sayaki.

A shekarun 1980 majalisa ta fara faɗaɗa ƙofar a hankali, kuma ɗan majalisar wakilai Henry Waxman daga Kalifoniya na cikin waɗanda suka fi matsa ƙaimi. Amurka tana da ma'aunin talauci da ake sabuntawa duk shekara. A 2024, alal misali, dala 31,200 ne a shekara ga iyali mai mutum huɗu. Dokar 1989 ta wajabta wa jihohi su ɗauki mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 6 matuƙar kuɗin shigar gidansu bai wuce kashi 133 cikin 100 na wannan ma'auni ba. Dokar 1990 ta ƙara da yaran da aka haifa bayan 30 ga Satumba, 1983, waɗanda gidansu ke ƙasa da ma'aunin, har su kai shekara 19.

A nan ne hanyoyi biyu suka haɗu. Yaran da aka shigo da su yanzu, da yawansu iyayensu ma'aikata ne. Wasu daga cikin iyayen nan kamfaninsu yana ba da inshora, amma sun ƙi karɓa saboda yankan albashin ya yi musu nauyi. Ma'ana, ga kuɗin kamfani a ajiye ba mai ɗauka, gwamnati kuma tana biyan kuɗin asibitin yaron gaba ɗaya. Alhali ƙa'idar Medicaid ita ce shi ne mai biya na ƙarshe: idan akwai wani da nauyin ya hau kansa, shi zai fara biya.

DOKAR 1990 DA LISSAFIN DA KE CIKINTA

Shekarar 1990 shekara ce ta giɓin kasafin kuɗi. Shugaba George Bush babba, wanda ya yi alƙawarin ba zai ƙara haraji ba, dole ta sa ya zauna da majalisa suka ƙulla yarjejeniyar rage giɓin da kusan dala biliyan 500 cikin shekara biyar. Ya sa hannu a dokar ranar 5 ga Nuwamba, 1990. A cikin wannan tulin doka ne aka ƙara sashe na 1906 a Dokar Tsaron Zamantakewa, kuma shi ne uban HIPP. Ba a cikin dokar jinƙai aka haife shi ba, a cikin dokar tsuke bakin aljihu aka haife shi, kuma wannan ya bi shi har yau.

Sashen ya ce wa jihohi: duk wanda ya cancanci Medicaid kuma yana da damar shiga inshorar wurin aiki, ku duba, idan saya masa ita ya fi araha, to ku saya. Ya kuma gindaya wasu sharuɗɗa don kada a cuci talaka. Jiha za ta biya zubin. Za ta biya kuɗin da inshora ke sa majiyyaci ya fara cirewa daga aljihunsa, da ɗan kason da ake karɓa a hannunsa duk zuwa asibiti. Duk wani aikin da Medicaid ke yi amma inshorar kamfanin ba ta yi, Medicaid zai cike giɓin, don haka mutum yana riƙe da kati biyu. Idan ba a iya shigar da yaro sai an shigar da uwa ko uba, jiha na iya biyan zubin iyalin duka, ko da iyayen ba su cancanci Medicaid ba. Sannan jiha na iya tilasta wa babba ya shiga, amma ba a korar yaro daga Medicaid don iyayensa sun ƙi.

Bari mu sa lambobi don abin ya fito fili. Binciken da gidauniyar KFF ke yi duk shekara ya nuna cewa a 2024 matsakaicin zubin inshorar iyali ta wurin aiki dala 25,572 ne a shekara. Daga ciki ma'aikaci na biyan dala 6,296, kamfani ya biya sauran, wato fiye da dala 19,000. A 1999 zubin gaba ɗayansa dala 5,791 ne. Shi kuwa mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Wanda ya yi awa 40 a mako shekara guda cur a kan wannan farashin zai tashi da dala 15,080. Kenan yankan inshorar iyali zai cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na albashinsa, kafin haya da abinci.

Yanzu mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa akwai wata mata mai aiki a kanti, tana da ɗa mai ciwon sikila. Mu ce jiha ta ƙiyasta za ta kashe dala 30,000 a shekara a kan jinyarsa. Idan ta biya zubin uwar na dala 6,296, ta ƙara dala 5,000 na ragowar kuɗin asibiti da cike giɓi, da dala 500 na aikin ofis, duka bai kai dala 12,000 ba. Jiha ta tsira da kusan dala 18,000, kamfanin inshora ya ɗauki babban nauyin jinyar, uwar da sauran 'yan gidan kuma sun samu inshora a dalilin yaron.

To amma mu juya misalin. Maƙwabciyarta albashinsu ɗaya, ɗanta lafiyarsa ƙalau, jiha ba ta kashe fiye da dala 3,000 a kansa a shekara. Biyan zubin dala 6,296 asara ce a littafin jiha, don haka ba za a ɗauke ta ba. Yaron zai ci gaba da Medicaid ɗinsa, ita kuwa uwar, idan ba ta cancanta ba, ta zauna ba inshora. Talaucinsu ɗaya, amma lissafi ya raba su. Tambayar da shirin ke yi ita ce nawa gwamnati za ta rage, kuma amfanin da iyali ke samu a bayan wannan amsar yake biyowa.

SU WA SUKA FI CIN MORIYA

Tunda haka lissafin yake, waɗanda suka fi shiga su ne masu jinya mai tsada. Rukuni na farko masu cutar ƙanjamau ne. A ƙarshen shekarun 1980 matasa da dama sun kwanta ciwo sun bar aiki. Wata doka mai suna COBRA, wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1986, ta ba wanda ya bar aiki damar ci gaba da inshorar kamfaninsa na tsawon wata 18, amma da sharaɗin ya biya zubin gaba ɗaya, nasa da na kamfanin, har da ƙarin kashi 2 cikin 100. Wanda ba shi da albashi ina zai samo? Jihohi irin su Kalifoniya suka gane cewa biya masa wannan zubin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a bari inshorar ta mutu jinyar ta dawo kan gwamnati. Dokar Ryan White ta 1990, wadda aka yi domin masu ƙanjamau, ita ma ta ba jihohi damar kashe kuɗinta wajen riƙe wa majiyyata inshorarsu.

Rukuni na biyu yara ne masu naƙasa ko doguwar jinya. A nan akwai labarin Katie Beckett, wata yarinya 'yar jihar Iowa da aka haifa a 1978, wadda cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta kama tana jaririya har ta dogara da na'urar numfashi. Likitoci sun ce za a iya jinyarta a gida, kuma ya fi araha sosai, amma ƙa'ida ta ce da zarar ta koma gida za a lissafa albashin iyayenta, ta rasa Medicaid. A Nuwamban 1981 Reagan ya ambaci labarinta a taron manema labarai, aka sassauta mata, a 1982 kuma aka yi dokar da ta ba jihohi damar duba halin yaron shi kaɗai. Irin waɗannan yaran, da yawansu iyayensu na da aiki mai inshora, kuma kuɗin jinyarsu mai yawa ne, don haka lissafin HIPP ya fi zama daidai a kansu. Ita jihar Iowa ɗin tana cikin waɗanda suka fara shirin tun 1991, kuma lokacin da ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya yi nazarin lamarin a 1997, jihohi uku ya ɗauka misali: Iowa, Pennsylvania da Teksas.

DAGA WAJIBI ZUWA ZAƁI

Ko da yake dokar 1990 ta ce dole ne, jihohi da yawa sun yi ta jan ƙafa, domin aikin na da wahala. A watan Agusta na 1997 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata dokar daidaita kasafi wadda ta mayar da sashe na 1906 zaɓi. A cikin wannan dokar ne kuma aka kafa CHIP, shirin inshorar yaran da gidansu ya ɗan fi ƙarfin Medicaid.

Zuwan CHIP ya tayar da wata fargaba. Shekara guda kafin nan, masana tattalin arziki biyu, David Cutler da Jonathan Gruber, sun fitar da wani nazari da ya ƙiyasta cewa kusan rabin ƙaruwar da aka samu a Medicaid ta zo ne tare da raguwar inshorar kamfanoni. An yi ta gardama a kan adadin, amma tunanin ya zauna a zukatan 'yan siyasa: idan gwamnati ta buɗe ƙofar kyauta, ma'aikaci zai saki inshorar kamfani, kamfani kuma ya ji daɗi ya janye hannunsa. Daga nan biyan zubi ya samu sabon dalili, wato riƙe kuɗin kamfanoni a cikin tsarin. Jihar Rhode Island misali ce mai kyau. Da ta ga masu shiga shirinta na RIte Care sun ƙaru fiye da ƙarfin kasafinta, sai ta kafa RIte Share a 2001 domin ta mayar da masu aiki kan inshorar wurin aikinsu, tana biyan kasonsu. Massachusetts da Oregon ma sun buɗe irin nasu a ƙarshen shekarun 1990. A 2001 gwamnatin George Bush ƙarami, ta hannun sakataren lafiya Tommy Thompson, ta fito da wani izini na musamman da ke sassauta wa jihohi ƙa'idoji idan suka saka tallafin zubi a tsarinsu.

Gyara mafi amfani ya zo ranar 4 ga Fabrairu, 2009, lokacin da Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar sabunta CHIP. A da, kamfani kan buɗe rajistar inshora sau ɗaya ne a shekara, don haka wanda jiha ta amince za ta biya wa zubi a watan Maris yana iya jira har ƙarshen shekara. Sabuwar dokar ta ba shi kwana 60 ya shiga a duk lokacin da ya cancanta. Ta wajabta wa kamfanoni su riƙa sanar da ma'aikata duk shekara cewa akwai wannan tallafin a jiharsu, su kuma ba jiha bayanan inshorarsu idan ta nema. Ta kuma buɗe sabon zaɓi na yara, da sharaɗin kamfani yana zuba aƙalla kashi 40 cikin 100 na zubin. A farkon 2010 ofishin binciken majalisa ya ƙirga shirye-shiryen tallafin zubi 47 a jihohi 39.

A watan Maris na 2010 aka yi babbar dokar lafiya da aka fi sani da Obamacare, wadda ta faɗaɗa Medicaid zuwa manya masu kuɗin shiga har kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci. Kotun Ƙoli a 2012 ta ce faɗaɗawar zaɓi ce ga jihohi. Jihar Arkansas ta ɗauki tsohuwar dabarar nan ta faɗaɗa ta: daga 2014 ta riƙa amfani da kuɗin Medicaid tana saya wa talakawanta inshora a kasuwa, ba ta wurin aiki ba, kuma fiye da mutum 200,000 suka shiga cikin ɗan lokaci. Wannan ya nuna cewa biyan zubi na iya ɗaukar jama'a masu yawa idan an cire sharaɗin sai kana da uban gida mai inshora.

ABIN DA YA HANA SHIRIN GIRMA

Fiye da mutum miliyan 150 ke kan inshorar wurin aiki a Amurka, fiye da miliyan 70 kuma ke kan Medicaid da CHIP. Amma waɗanda ke tsakiya, masu kati biyu ta hanyar HIPP, a jihohi da dama ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu Medicaid ba, bayan fiye da shekara 30. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko, talakan ma'aikaci shi ne wanda ba a cika ba inshora a wurin aiki ba. Kusan duk manyan kamfanoni suna bayarwa, amma kusan rabin ƙanana ba sa yi. Dokar 2010 ma kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ta ɗora wa nauyi, kuma a kan mai yin awa 30 a mako. Mai aikin rabin rana, mai aikin gona na kaka, da mai aikin kwangila duk suna waje.

Na biyu, a yawancin jihohi sai an fara yanke kuɗin daga albashi, ma'aikaci ya aika takardar shaidar albashinsa, sannan a mayar masa. Wanda ke jiran ƙarshen wata kafin ya biya haya, jiran makonni kafin a dawo masa da dala 500 ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku, ƙaramin ma'aikaci yana yawan canza aiki, awoyinsa na hawa da sauka. Duk canji sai jami'in jiha ya sake lissafi daga farko, ga shi kowane kamfani da irin tasa inshorar. Kuɗin wannan aikin ofis na cinye wani ɓangare na ribar da ake nema.

Na huɗu, kati biyu na da nasa tarkon. Babban abin da ke jan iyalai shi ne inshorar kamfani na buɗe musu ƙofar likitoci da yawa, domin Medicaid na biyan likita kuɗi kaɗan, har kusan likita ɗaya cikin huɗu ba ya karɓar sabon majiyyaci mai katin Medicaid. Amma a jihohi da dama, idan likitan da aka je wurinsa ba ya cikin rajistar Medicaid, jiha ba za ta biya ragowar kuɗin ba, sai ya dawo kan iyalin. Ga kuma yadda kamfanoni ke ta ƙara yawan kuɗin da majiyyaci zai fara biya daga aljihu, abin da ke sa lissafin jiha ya daina fita.

Duk da haka, ga iyalin da shirin ya dace da su, ba ƙaramin sauƙi ba ne. Uwa ta ci gaba da aikinta, ɗanta ya ga ƙwararren likita, dala dubu shida da a da ake yankewa ta zauna a gida.

INDA LABARIN YA TAƁO MU

Na ɗauko wannan tarihi ne saboda mu ma a Najeriya ta wurin aiki muka fara gininmu. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da ita a 2005, aka fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya, bisa tsarin uban gida ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 5 na ainihin albashi. Hatta kamfanonin HMO da ke tsakanin majiyyaci da asibiti, daga Amurka aka aro sunansu da salonsu. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin biya wa masu rauni, inda aka ambaci mutum miliyan 83. Har yanzu dai fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fita kai tsaye.

Darasin da na gani shi ne, tallafin da aka jingina da zubin uban gida yana aiki ne kawai a inda uban gidan ya riga ya ajiye nasa kason. A Amurka, inda mafi yawan ma'aikata ke da takardar albashi, bai kai ko'ina ba. A wurinmu kuwa, inda manomi, ɗan kasuwa, tela da mai tuƙa adaidaita sahu su ne mafi rinjaye, babu kamfanin da zai zuba musu komai, don haka zubin gaba ɗaya sai dai asusun gwamnati ya ɗauka ko su ɗauka da kansu. Amma akwai rukuni ɗaya da dabarar za ta iya yi wa rana: malamin makaranta mai zaman kanta, mai gadi, ma'aikacin gidan mai, waɗanda ke da uban gida da albashi amma albashin bai isa a yanki komai a ciki ba. Idan za a tilasta wa masu kamfani su zuba nasu, wa zai ɗauki kason irin waɗannan? Kuma idan gwamnati za ta ɗauka, da wane ma'auni za ta zaɓa: wanda ya fi buƙata, ko wanda ya fi rage mata kashe kuɗi?

A nan zan dakata. Ina so in ji ta bakin ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, da kuma waɗanda ake yanke musu kuɗin inshora a albashi: kun taɓa cin moriyarta? Gyara da ƙarin bayani duk ina maraba da su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.